Fim mai waƙoƙi da kuɗi kaɗan: maganar wa za a bi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu huɗu muka haɗu za mu yi fim mai waƙoƙi, kuɗinmu kuma ba su taka kara sun karya ba. Ni na rubuta labarin, abokina ke rubuta waƙa da kiɗa, ga darakta, ga furodusa. Mawaƙin ya kawo waƙa takwas, darakta yana son a sa duka, furodusa ya ce uku kawai aljihu zai ɗauka. Maganar wa za a bi? Kuma labari ake fara yi ko waƙa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wannan gardama taku alheri ce tunda ta taso kafin a kunna kyamara. Da sai an je lokeshan ta taso, da kuɗi za ta ci.

A kan yawan kuɗin da za a kashe, maganar furodusa ce ƙarshe, domin shi zai amsa tambayar masu zuba jari. A kan yadda waƙa za ta fito a hoto, darakta ne. Amma wace waƙa ta cancanci zama a fim, wannan aikinku ne ku biyu marubuta, kuma da labarin za ku auna. Ku ɗauki waƙoƙin nan takwas ɗaya bayan ɗaya, ku cire kowace daga rubutun, ku karanta fitowar da ke gabanta da wadda ke bayanta. In labarin ya tafi sumul ba tare da ita ba, waƙar ado ce, kuma ƙaramin fim ba shi da kuɗin ado. In kuwa aka cire ta sai mai kallo ya kasa gane abin da ya sa yarinyar da ta ƙi saurayi ɗazu yanzu ta amince, to wannan waƙa tana aiki, ta zauna. Waƙa mai aiki takan ɗauko mutum daga wani hali a baitin farko ta ajiye shi a wani hali a baitin ƙarshe. Daga nan kai marubucin labari za ka ji zafi kaɗan, domin duk abin da waƙa ta faɗa, dole ka goge shi daga maganganun da ka rubuta. Sau da yawa fitowar da ka fi ji da ita ce mawaƙi zai karɓe, domin a nan ne zuciyar ɗan wasa ta cika har magana ta kasa. Ka bar masa ita.

Don haka labari ne gaba, waƙa ta biyo, amma wajen ɗauka waƙa ce gaba. Yawanci a sutudiyo ake gama rera ta da kiɗanta, sannan a kunna ta a lokeshan 'yan wasa su bi da baki. Da zarar an ɗauki hoto a kan waƙa, canja baiti ɗaya na nufin sake ɗaukar fitowar. Shi ya sa nake ba da shawarar a zauna ku huɗu a karanta fim ɗin daga farko zuwa ƙarshe, mawaƙi na rera waƙoƙin da jita ko fiyano kawai, wani na riƙe da agogo. A al'ada shafi ɗaya na rubutun fim kan ci kusan minti ɗaya, amma waƙar da ta cika rabin shafi tana iya cin minti huɗu.

Furodusanku yana ƙirga waƙoƙi, alhali abin da ke cin kuɗi shi ne yadda aka ɗauke su. Waƙa ɗaya mai 'yan rawa ashirin, da sauya kaya sau uku, da wurare huɗu, tana iya lashe abin da zai isa waƙa biyar da mutum biyu suka rera a ɗaki ɗaya. Misalin da nake son ku duba shi ne Once, fim ɗin ƙasar Ireland da ya fito a 2007. John Carney ne ya rubuta ya kuma ba da umarni, Martina Niland ce furodusa. An ɗauke shi a birnin Dublin cikin kwana 17, da kuɗi kusan dala 150,000. Mawaƙan da suka rubuta yawancin waƙoƙin, Glen Hansard da Markéta Irglová, su ne suka fito a matsayin jaruman. Dabarar Carney ita ce ya sa jaruman labarin su zama mawaƙa, saboda haka kowace waƙa tana da dalilin fitowa: a bakin titi, a shagon kayan kiɗa, a sutudiyo. Babu 'yan rawa, babu ginin dandali. A wasu fitowar ma kyamara na can nesa, masu wucewa ba su san ana ɗaukar fim ba. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 20, waƙarsa Falling Slowly ta ci kyautar Oscar a 2008. Ba kowa ke samun wannan sa'ar ba, amma tsarin kowa zai iya ɗauka: tun a takarda aka rubuta labarin daidai da aljihu.

Ku nemi darakta ya rubuta wa kowace waƙa wuri nawa, mutum nawa, awa nawa. Furodusa ya sa kuɗi a gefen kowace. A nan za ku iya tarar da cewa shida sun shiga, ko kuwa biyu ne kawai suka cancanta. Kada kuma a tsuke bakin aljihu a kan sauti. Mai kallo zai yi haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma murya mai ƙara ko bakin da bai bi waƙa ba zai kore shi nan take.

Sai batun da abokai suka fi jin nauyin tayarwa. Kowace waƙa tana da haƙƙi biyu: na baiti da karin da mawaƙi ya ƙirƙira, da na faifan da aka ɗauka a sutudiyo. Ku rubuta wa ya mallaki wanne, ko furodusa zai iya sayar da waƙoƙin daban da fim, da kason kowa in an yi haka. Once ya koma wasan dandali a Broadway, cibiyar wasan dandali ta birnin New York, a 2012 har ya ci kyautar Tony takwas, wadda ake ba wasannin dandali, wato waƙoƙin sun ci gaba da kawo kuɗi shekaru bayan an gama fim. Ku sa hannu ku huɗu kafin ranar farko ta shiga sutudiyo, kowa ya riƙe kwafinsa.