Amsa ga Hajiyar da wata ƙungiya ta gayyaci ɗanta a jami'ar Amurka

Salamu alaikum Hajiya, barka da warhaka, ya iyali. Tun jiya da daddare naga tambayarki, cewa yaronki dake karatun injiniya a Amurka ya kira ki yace wata ƙungiya mai suna da haruffan Girkanci ta turo masa takardar gayyata saboda makinsa yayi kyau, wai zai biya kuɗi kuma akwai bikin shiga da za'a yi, ke kuma hankalinki ya tashi kina tsoron kada ace ƙungiyar asiri ce. Naga har wasu sun ce miki ki hana shi kawai a wuce wurin. Ni dai nace bari in zauna in rubuta miki abinda na gani da idona, don nima irin wannan takardar ta same ni ina shekara ta uku a can, kuma mahaifiyata Allah ya ƙara mata lafiya irin tsoron da kikeji shi taji, har cewa tayi in haɗa kayana in dawo gida in dai sai na shiga.

Tsoron naki yana kan hanya Hajiya, duk wanda ya san abinda ƙungiyoyin asiri suka yi a jami'o'in Najeriya dole gabansa ya faɗi in yaji ance ƙungiya da bikin shiga. Abin ma ai ya faro ne a Ibadan a 1952 lokacin da Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa tasu, ba da nufin zubar da jini ba, daga baya ne wasu suka ɓullo abin ya koma sara da bindiga. To amma a Amurka haruffan Girkancin nan kashi biyu ne kuma dole a bambance su. Akwai ƙungiyoyin zumunci na samari da na 'yan mata masu gidajensu a gefen makaranta, suna yin fati, a wasu akwai shaye-shaye da wahalar da sabon shiga, waɗannan ni kaina bazan ba ɗan musulmi shawarar ya kusance su ba. Sannan akwai na karramawa, su a can honor society suke ce musu, ki duba takardar da kyau zaki ga kalmar in dai irinsu ce. Su waɗannan ba'a neman shiga, su ne suke duba sakamakon ɗalibai su zaɓi na sama-sama su gayyace su, basu da gidan kwana kuma akwai malamin jami'a da aka ɗora a kansu yana sa ido.

Uwarsu duka ita ce Phi Beta Kappa, an kafa ta ranar 5 ga Disamba 1776 a kwalejin William and Mary dake Williamsburg a jihar Bajiniya, kinga shekararsu ɗaya da samun 'yancin Amurka. Kuma gaskiya bazan ɓoye miki ba, da farko ta asiri ce, suna da rantsuwa da irin gaisuwar hannunsu, ɗalibai ne suke taruwa a ɓoye suna muhawara. A 1831 reshen jami'ar Harvard ya fasa ƙwai ya bayyana sirrin, lokacin da mutanen Amurka suka taso wa 'yan wata ƙungiyar asiri da ake kira Mason, daga nan ta rikiɗe ta zama ta karrama masu hazaƙa zalla. Haruffan ukun farkon kalmomin takensu ne, ma'anarsa son ilimi shi ne jagoran rayuwa. Alamarsu ɗan makulli ne na zinare da taurari uku da yatsa yana nuna su. Sun fara ɗaukar mata a 1875 a jami'ar Vermont. Amma ita ta masu karatun adabi da tarihi da lissafi da kimiyya ce, har ma sai ka karanci wani yare na waje, kuma jami'o'in da suke da reshenta basu wuce kamar ɗaya cikin goma ba, shi yasa nake zaton ba ita ce ta gayyaci yaronki ba tunda kince injiniya yake karanta.

Wadda na shiga ita ce Tau Beta Pi, ta injiniyoyi, wani malami Edward Williams ya kafa ta a jami'ar Lehigh a 1885, shi kansa ɗan Phi Beta Kappa ne yaga ana barin ɗalibansa na injiniya a baya ba mai karrama su sai ya kafa musu tasu. Ƙa'idarsu a fili take, in kana shekara ta uku sai kana cikin kashi ɗaya bisa takwas na saman ajinku, in kana shekarar ƙarshe ɗaya bisa biyar. Kuma maki kaɗai baya shigar da mutum, suna duba hali, don membobin reshe sai sun zauna sun kaɗa ƙuri'a akan kowa.

Yadda akayi namu kuwa, da farko an kira mu taron bayani a wani aji da yamma, mu kusan ashirin, shugaban reshen ɗalibi ne kamar mu sai malamar dake kula dasu tana zaune a baya. Aka ce kafin ƙarshen simesta kowa sai ya cika wasu awoyi na aikin taimakon jama'a, ya halarci taruka, ya zauna hira da tsofaffin membobi, sannan aka miƙa wa kowa wani ɗan ƙarfen tagulla da aka zubo shi da kaushi duk gurzaje, akace kaje ka goge shi har sai yayi ƙyalli. Shi ne alamar ƙungiyar, suna ce masa Bent, siffar ƙafar gada ce, wato wannan ginshiƙin da yake ɗauke nauyin gadar jirgin ƙasa, har akwai ƙatonsa da aka kafa a gaban ginin tsangayarmu shima sababbi ne suke wanke shi su goge. Wallahi Hajiya wannan ɗan ƙarfen yaci min dare da yawa, ka fara da zarto ka koma samfefa mai kaushi sannan mai laushi sannan man goge ƙarfe, yatsuna har sun yi kanta. Da farko na ɗauka ɓata lokaci ne ga jarabawa a gaba, amma da muka riƙa haɗuwa a wokshop ranar Asabar kowa da nasa a hannu ana gurza ana hira, a nan na san mutanen da shekara biyu muna aji ɗaya ko sannu bata taɓa haɗa mu ba, akwai ɗan Indiya da 'yar Biyetnam da wani tsohon soja da ya dawo karatu yana da 'ya'ya uku. Ɗan baƙo a ƙasar Amurka kaɗaici ne yake cinsa fiye da sanyi, ni kam wannan zaman shi ya fara fitar dani daga ɗaki. Har yau ƙarfen yana kan teburina.

Maganar bikin shigar kuma, wadda nasan ita tafi damunki. Eh ana rufe ƙofa, membobi ne kawai a ciki, kuma ana roƙon kada a riƙa ba da labarin kalmomin da aka karanta, nima na ɗauki wannan alƙawarin bazan karya ba. Amma kafin ranar sai da na samu malamar a ofishinta nace mata ni musulmi ne, ina so in sani shin akwai durƙusawa wani ko wani abu, akwai rantsuwa da wani abin bauta, akwai giya, akwai taɓa jikin mutum ko wulaƙanci. Ta ce babu ko ɗaya, kuma in naga abinda bai kwanta min ba ƙofa a buɗe take in fita ba wanda zai riƙe ni. Ban tsaya nan ba na kai maganar wurin limamin masallacin garin, yace in dai alƙawari ne na riƙon gaskiya a sana'a ba komai, inje. Abinda zan iya faɗa miki shi ne mun sa kwat, mun zauna an karanta mana tarihi da nasiha akan amanar aikin injiniya, cewa gadar da ka zana rayukan mutane ne zasu bi ta kai, muka yi alƙawari muka sa hannu a littafin reshe da sunayen mutane tun na shekaru aru-aru a ciki, aka bamu satifiket da ɗan ƙaramin Bent na maƙalawa a riga. Bai fi awa ɗaya ba. Magariba ta same mu a wurin na fita nayi sallata a wani aji na dawo aka tafi cin abinci, wanda shi kuma har iyaye da abokai ana gayyata. Ki gaya wa yaronki shima yaje yayi irin tambayoyin nan da bakinsa kada yaji kunya, Turawan nan sun fi girmama wanda ya fito ya faɗi iyakarsa tun farko. Ya kuma riƙa faɗa musu baya cin alade, don kusan duk taro fiza ake kawowa, ni da na faɗa sau ɗaya shikenan kullum sai an ajiye mai ganye.

Bayan an shiga ne ainihin aikin yake, kuma nan ne mutane suke rabuwa biyu. Wasu daga ranar da suka karɓi satifiket ba'a ƙara ganinsu sai ranar yaye ɗalibai da zasu rataya igiyar karramawa akan gawun, su abin ya tsaya a layi ɗaya cikin CV. Mu da muka tsaya, babban aikinmu koyar da 'yan shekarar farko kyauta, duk Talata da daddare muna zama a laburare duk wanda lissafi ko fiziks ya ɗaure masa kai yazo. Akwai wani yaro da yazo min saura kaɗan ya bar injiniya gaba ɗaya don ya faɗi gwajin farko, muka yi wata biyu muna bin darasin daki-daki, ranar da yazo da takardarsa ya nuna min yaci wallahi daɗin da naji yafi na ranar da aka bani satifiket ɗin. Muna kuma zuwa makarantun firamare da sakandare na unguwannin marasa ƙarfi mu haɗa ƙananan gadoji da tsinke da gam tare da yara a gwada wadda tafi ɗaukar nauyi, muna taya rabon abinci, kamfanoni kuma suna zuwa su yi mana bayanin guraben aiki mu kaɗai kafin babbar kasuwar neman aiki ta makaranta. Uwar ƙungiyar da hedkwatarta ke Knoxville a jihar Tenesi tana ba da tallafin karatu da ake nema a fafata, tana fitar da mujalla, duk shekara kuma akwai babban taro da kowane reshe yake tura wakili.

Kada dai a ɗora mata abinda ba nata ba, bata ba mutum aiki kuma bata ba da biza. Abinda ta bani shi ne malamar nan ta sanni ciki da bai saboda tana ganina duk sati, da na tashi neman digiri na biyu ita ta rubuta min takardar shaida mai nauyi, ba irin wadda malami yake rubutawa ɗalibin da bai san fuskarsa ba. Wannan kam ya min rana.

Sai inda nake so ki buɗe ido sosai, maganar kuɗi. Na gaskiyar ma ana biya, ni sau ɗaya na biya bai kai dala 100 ba kuma na har abada ne, wanda bashi da hali in yayi magana wasu rassan suna sassauta masa. Amma akwai 'yan kasuwa da suke fakewa da wannan suna, su turo imel mai ƙyalƙyali wai an zaɓe ka cikin fitattu maza ka biya kafin kwana uku. Tun ina shekarar farko ɗaya ta same ni, ban san dawan garin ba na cire daga kuɗin abincina na biya, abinda na samu takarda ce guda sai tallace-tallace da suka cika min akwati, babu reshe a makarantar babu taro babu kowa, har yau in na tuna abin yana min ciwo don na san yadda mahaifina ya haɗa wannan kuɗin. Saboda haka yaro ya duba ko sunan ƙungiyar yana shafin jami'arsu, ya nemi sunan malamin dake kula da reshen yaje ya ganshi ido da ido, ya tambaya wane matakin maki ake ɗauka, in akace kowa ma zai iya shiga in dai zai biya to ya kama gabansa. Akwai kuma wata gamayya da ake kira ACHS da aka kafa tun 1925 tana tantance irin waɗannan ƙungiyoyin, ya duba jerinsu a intanet, duk da rashin ganin suna a can shi kaɗai ba hujja bane don Phi Beta Kappa kanta bata cikinsu yanzu. Sauran sanannun da zai iya cin karo dasu akwai Phi Kappa Phi ta 1897 da take ɗaukar kowane fanni, da Sigma Xi ta masu binciken kimiyya, da Eta Kappa Nu in lantarki ko kwamfuta yake karanta.

Ni dai Hajiya in har ɗaya daga cikin waɗannan ce ta kira shi, ki sa masa albarka ki barshi ya shiga, ki kuma ja kunnensa ya tsaya yayi aikin koyarwar nan kada ya karɓi takarda ya ɓace. Yaron da ya bar gida ya tafi ƙasar da ba yarensa ba har ya shiga sahun farko na ajinsu ba ƙaramin ƙoƙari yayi ba, Allah ya ƙara masa basira ya tsare miki shi. Ki ce ya turo miki hoton takardar ki ɓoye sunansa da lambarsa ki sako mana sunan ƙungiyar kawai, in wadda na sani ce zan gaya miki, akwai kuma wata 'yar'uwa a cikinmu da tayi karatun likitanci a can itama zata iya dubawa ta ɓangarensu.