Eriyata ta ƙi daidaituwa: Tambaya da Amsa

Tambaya: Malam, na haɗa eriyar rediyon sadarwa irin ta dipol (waya mai hannu biyu) ta zangon mita 40 a kan rufin kwanon gidanmu a Tawa, amma SWR, ma'aunin daidaituwar eriya da na'urar watsawa, yana wuce 3, wato ya yi yawa. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, kwanon ne ya fi ba ni shakka. Ƙarfe kusa da waya yana karkatar da zangon da eriya take amsawa. Ɗaga tsakiyarta a kan gora ko sandar katako, aƙalla mita 8 daga ƙasa, nesa da rufin.

Sannan duba tsayi. Ƙa'idar ita ce ka raba 143 da lambar zangon a megahertz, wato 7.1 a nan, za ka samu kusan mita 20, wato mita 10 kowane hannu. Ka yanka da ƙari kaɗan, kana rage santimita 5 a kowane gefe kana aunawa. Sa balun 1:1, ƙaramar na'urar da ke daidaita kebul da eriya, inda kebul ɗin da ke zuwa rediyo (RG-58) ya haɗu da waya, ka naɗe wurin da tef sosai, don rana tana fasa roba, ruwan damina ya shiga.

Lokacin hunturu ƙura tana tara cajin lantarki a waya, don haka ka cire kebul daga rediyon in ka gama aiki. Kafin ka fara watsawa, nemi lasisi a ARCEP, hukumar kula da sadarwa ta Nijar. Alamar kira, wato lambar da ake gane tasharka da ita, a Nijar tana farawa da 5U.