Fatawa: A wuyan wa harajin jinyar kowa da kowa yake?

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam. Ni ma'aikaci ne, kowane wata ana zare haraji daga albashina kafin ya shigo hannuna. Ana maganar hukuma ta ɗauki nauyin jinyar kowa da kowa, a biya da kuɗin haraji, kuma mun yi musu da yayana a kan haka har rai ya ɓaci. Shi ɗan kasuwa ne, Allah ya hore masa. Ya ce ya fitar da zakkarsa, duk abin da aka karɓa bayanta zalunci ne. Ni kuwa na yi jinyar mahaifiyarmu shekara biyu a kan ciwon ƙoda, na ga yadda aka riƙa ɗauke masu gadon kusa da nata a mayar da su gida saboda kuɗin wankin ƙoda ya ƙare. A Shari'a, wa ya kamata ya ɗauki wannan nauyi?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya ƙara wa mahaifiyarku lafiya, ya sa kaffara ne, ya saka muku da alheri a kan hidimarta.

Nauyin yana kan baitulmali tukuna, wato dukiyar da ke hannun hukuma. In ta gaza da gaske, sai ya koma kan mawadata, kowa gwargwadon rarar da ke hannunsa. Wanda samunsa bai wuce abin da zai ci ya ciyar da iyalinsa ba, ba a ɗora masa komai, ko a fili ko ta bayan fage.

Yayanka bai yi magana a kan iska ba, ɗan'uwa, kada ka raina hujjarsa. Dukiyar mutum tana da alfarma kamar jininsa, Annabi (SAW) ya faɗi haka a huɗubar Hajjin Bankwana. Kuma a cikin Sahihu Muslim, a ƙissar Gamidiyya, matar da ta yi iƙirarin zina da kanta, ya ce ta yi tuban da in mai karɓar maksu, wato harajin zalunci, ya yi irinsa za a gafarta masa. Ba a buga misali da laifi a irin wannan wuri sai in ya kai matuƙa. To amma maksu shi ne abin da ake tare mutane a hanya ko a kasuwa a ƙwata ba da haƙƙi ba, ya tafi aljihun mai ƙarfi. Abin da shugaba ya yanka wa masu hali don toshe wata lalura ta jama'a, malamai ba su sa shi a wannan babi ba, suna kiransa tauzifi ko nawa'ib.

Inda yayanka ya yi kuskure shi ne zaton cewa zakka ta rufe ƙofa. Ka karanta aya ta 177 a Suratul Baƙara. Allah ya ambaci wanda ya ba da dukiya, alhali yana sonta, ga dangi da marayu da miskinai da matafiya da masu roƙo da 'yantar da bayi, sannan a cikin ayar dai ya sake cewa "ya tsayar da salla, ya ba da zakka". An ambaci bayarwa daban, an ambaci zakka daban. A wurin tafsirin wannan aya Imam Ƙurɗubi ya kawo cewa malamai sun haɗu a kan in buƙata ta sauko wa Musulmi bayan an ba da zakka, wajibi ne a kashe dukiya a kanta, ya kuma kawo maganar Imam Malik cewa dole mutane su fanshi fursunoninsu ko da hakan zai cinye dukiyarsu. Akwai lafazin da masu wa'azi ke yawan kawowa, cewa a cikin dukiya akwai haƙƙi ban da zakka. Ban dogara da shi ba, domin Tirmizi da ya ruwaito shi ya raunana isnadinsa, ya ce ya fi inganta a matsayin maganar Sha'abi. Ba mu ma buƙatarsa. Hadisin Abu Sa'id a Muslim ya isa: Annabi (SAW) ya ce mai rarar abin hawa ya bai wa marar shi, mai rarar guzuri ya bai wa marar shi, ya yi ta lissafa nau'o'in dukiya har sahabbai suka ga kamar babu wanda ke da haƙƙi a cikin rararsa.

Shin jinya ta shiga cikin wannan buƙata? Ta shiga. Shehu Khalil a Mukhtasar ya lissafa tunkuɗe cuta daga Musulmi cikin farillan kifaya, wato waɗanda in wasu suka sauke su sun faɗi daga kan sauran. Nawawi a Minhaj ya buga misali da tufatar da marar sutura da ciyar da mayunwaci idan zakka da baitulmali ba su wadatar ba, kuma Ramli a sharhinsa ya haɗa da ladan likita da kuɗin magani da mai yi wa naƙasasshe hidima. Su waye farillar ta hau kansu? Malaman Shafi'iyya suka ce waɗanda ke da abin da ya wuce guzurin shekara nasu da na waɗanda suke ciyarwa. Ka riƙe wannan ma'auni, domin shi ne zuciyar amsarka. Ibn Hazm kuma ya ce farilla ne a kan mawadatan kowane gari su tsaya wa talakawansu, kuma sarki ya tilasta musu in zakka ba ta isa ba. Majinyacin da ka ga an ɗauke shi daga gado saboda kuɗi ya ƙare, ba sadakar ganin dama ya rasa ba. Farilla ce aka bari, kuma laifin yana kan duk mai ikon sauke ta da bai sauke ba.

Sai dai kada masu mulki su ji wannan su yi murna, domin sharaɗin farko a kansu ya faɗa. Kula da marasa lafiya aikin baitulmali ne tun asali. Sayyidina Umar, a hanyarsa ta Jabiya a ƙasar Sham, ya wuce wasu Kiristoci masu ciwon kuturta, ya ba da umarni a riƙa ba su abinci daga dukiyar jama'a. Walid ɗan Abdulmalik, wanda ya yi halifanci daga 705 zuwa 715, ya yanka wa kutare abin masarufi, ya sa wa makafi 'yan jagora, guragu kuma masu hidima. Dukiyar ƙarƙashin ƙasa ma, a mashhurin mazhabar Malikiyya, hukuncinta yana hannun shugaba ne don maslahar jama'a. Ƙasar da Allah ya ba ma'adinai ko mai, daga nan ake fara biyan likita kafin a kalli aljihun kowa.

A lokacin da Tatar, wato mayaƙan Mongol, suka rushe Bagadaza a 1258 suka nufo Sham da Masar, Kutuz, mai riƙe da mulkin Masar, ya tara malamai yana neman a halatta masa karɓar kuɗi daga jama'a don shirya runduna. Izzuddin ɗan Abdussalam ya ce ya halatta, amma da sharaɗin kada a bar komai a baitulmali, kuma sarakunan yaƙi su sayar da ɗamarunsu na zinariya da kayan ƙawarsu, kowane soja ya tsaya a kan dokinsa da makaminsa, su zama daidai da talakawa. Karɓar dukiyar talaka alhali wannan kaya yana hannunsu, ya ce a'a. Abokan gaba suna bakin ƙofa ya faɗi haka, kafin yaƙin Ainu Jalut na 1260. In har tsoron Tatar bai ɗage wannan sharaɗi ba, ban ga abin da zai ɗage shi yau ba. Hukumar da manyanta ke fita jinya ƙasashen waje da kuɗin jama'a, sannan ta dawo ta ce a ƙara haraji don gyara asibitin da su ba sa kwanciya a ciki, ba ta cika sharaɗin Izzuddin ba. Juwaini da Gazali da Shaɗibi duk sun halatta wa shugaba ya yanka wa mutane kuɗi, duk kuma sun ɗaure halaccin da ƙarewar baitulmali da tsayawa a gwargwadon buƙata, kuma Shaɗibi mawadata ya ambata ƙarara.

To idan an cika sharaɗi, yaya za a raba? Allah ya ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, ba ya kallafa wa rai sai abin da ya ba shi. Da Annabi (SAW) ya aiki Mu'azu Yaman, ya ce a karɓa daga mawadatansu a mayar wa talakawansu. Maganar zakka yake yi, amma alƙiblar kuɗin jama'a ke nan a Musulunci, daga sama zuwa ƙasa, don kada dukiya ta zama tana kewayawa tsakanin masu kuɗi kaɗai kamar yadda ya zo a Suratul Hashr.

A nan ne nake son ka buɗe ido, domin haraji yana da fuska biyu. Ka ɗauki mutum biyu. Na farko yana samun 100 a wata, kuma duk ɗarin yake kashewa a kan ci da sha da haya. Na biyu yana samun 10,000, yana kashe 2,000, ya juya sauran. Aka sa harajin kashi 10 cikin 100 a kan duk abin da aka saya. A takarda an yi adalci, kowa kashi 10. Amma na farko ya ba da kusan kashi 10 cikin 100 na samunsa gaba ɗaya, na biyu kuwa abin da ya fita daga hannunsa bai wuce kashi 2 cikin 100 na samunsa ba. Kuma goman da aka cire wa na farko daga tukunyar 'ya'yansa aka cire ta. Don haka ina ganin bai halatta a gina jinyar jama'a a kan harajin abinci da magani da sauran kayan lalura ba. In za a sa harajin saye, a sa shi a kan kayan alatu. Haka harajin da aka yanka wa kowane kai daidai wa daida, mai gida goma da ɗan haya, shi ma bai dace da ma'aunin rara ba.

Kukan da ke cikin tambayarka na ji shi, ko da ba ka furta ba. Albashi a bayyane yake, shi ya sa mai albashi ya fi kowa sauƙin kamu, ribar babban ciniki da kuɗin hayar gidaje da hannun jari kuwa suna iya ɓuya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Shari'a tana duban dukiya ne, ba ta duban wanda ya fi sauƙin cafkewa. Hukumar da ta matse ma'aikaci ta kawar da kai daga attajiri don tana jin nauyinsa, ta yi zalunci ko da kuɗin asibiti ya tafi. Amma wannan bai sauke maka naka kason ba in albashinka ya wuce buƙatarka.

Ƙasashe sun bi hanyoyi daban-daban, kuma Shari'a ba ta ɗaure mu a kan ɗaya ba. Jamus ta fara a 1883 da asusun da ma'aikaci da mai ba shi aiki ke zubawa tare. Ingila ta kafa tsarinta a 1948, mafi yawan kuɗinsa daga harajin ƙasa baki ɗaya. Tailan ta game kowa a 2002 da kuɗin gwamnati. Asusun haɗaka irin na Jamus yana da tushe a wurinmu: Annabi (SAW) ya yabi Ash'ariyawa, wata ƙabila daga Yaman, waɗanda in abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu a mayafi ɗaya su raba daidai, ya ce su nasa ne shi nasu ne. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na 1985, ta hana inshorar kasuwanci ta halatta ta taimakekeniya. Illar tsarin da ya dogara ga albashi, irin na Jamus, ita ce yana barin manomi da ɗan tireda da marar aiki a waje, sai an cike gurbinsu daga baitulmali. Mai masana'antar da hayaƙinta ko sinadarinta ke sa mutane ciwo kuwa, a ƙara masa kaso, domin wanda ya jawo cuta shi ke da alhakin gusar da ita. Ƙasar Filifin ta ƙara harajin taba da giya a 2012 ta karkatar da mafi yawan ƙarin zuwa kiwon lafiya. Matse taba da haraji don a rage shanta ina ganin ya halatta, giya kuwa a ƙasar Musulmi hana ta ake yi, ba a mayar da ita hanyar samun kuɗi.

Zakka tana da nata gurbin, amma ƙarami ne a nan. Allah ya iyakance ta ga rukunin mutane takwas a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Ana biya wa fakiri kuɗin aikin tiyata ko na magani daga cikinta. Gina asibitin da mai kuɗi da talaka za su shiga tare da kuɗin zakka, jumhurun malamai ba su yarda ba. Wannan gurbin waƙafi ne, kamar asibitin Mansuri da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 ya tsayar masa da dukiyar da za ta riƙe shi. Wanda ba Musulmi ba, in ɗan ƙasa ne, yana biya gwargwadon halinsa, ana jinyarsa kamar kowa, aikin Umar a Jabiya ya ishe mu hujja.

Ka gaya wa yayanka, cikin ladabi don yana gaba da kai, cewa zakkarsa ba ta ɗauke masa harajin adalci ba, harajin kuma ba ya tsayawa a madadin zakka, ko da ya yi niyyar haka lokacin biya. In ya ce yana tsoron kuɗin ba zai isa asibiti ba, tsoronsa yana kan hanya, kuma yana da haƙƙin ya nemi a nuna masa lissafi, ya yi magana, ya haɗu da 'yan'uwansa 'yan kasuwa su matsa a bayyana abin da aka tara da inda aka kashe. Amma yin ƙarya a takardar haraji ko ba jami'i cin hanci don a rage masa, ban halatta masa ba. Kuma ko hukuma ta ci amana, farillar kifaya ba ta faɗi daga kansa ba. Ya san ɗakin da mahaifiyarku ta kwanta, ya san akwai masu jiran wankin ƙoda a can yanzu haka. Ya je ya ɗauki nauyin mutum ɗaya ko biyu, daga zakkarsa in fakirai ne, daga rarar dukiyarsa in zakkar ta ƙare.

Wallahu a'alam.