Fatawa: Hawan jirgin lilo don tunawa da aminin da ya rasu

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina da amini da muka yi zaman aiki tare a Abu Dhabi. Babu abin da ya fi haɗa mu kamar jirgin lilo, irin mai gudu a kan dogo, ya hau sama ya sulalo ƙasa. Duk sanda muka sami hutu sai mu nufi Ferrari World mu hau Formula Rossa, shi yana ihu, ni ina runtse ido. Bara Allah ya yi masa rasuwa, ya bar mahaifiya da mata da 'ya'ya biyu. Na ƙudura duk shekara ranar da ya rasu in je wurin, in sayi tikiti biyu, in hau in bar gurbinsa babu kowa, don in tuna shi, ladan kuma ya kai gare shi. Wani ya ce mini bidi'a ce, wani ya ce hawan ma haramun ne, jefa kai ne cikin halaka. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan amininka, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashinsa.

Hawan kansa halal ne. Asali a cikin al'amuran duniya shi ne halacci har sai dalili ya hana, kuma Musulunci bai zo don ya kashe raha ba. Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, ya kuma bar Habashawa suna wasa da māsu a masallacinsa. Ita A'isha da bakinta ta ba da labarin ranar da mahaifiyarta Ummu Ruman ta kira ta tana kan lilo tare da ƙawayenta a Madina, kamar yadda ya zo a Bukhari. Ayar da ɗan'uwan nan ya kafa hujja da ita, ta 195 a Suratul Baƙara mai hana jefa kai cikin halaka, gaskiya ce, amma tana hawa kan abin da halaka ta yi rinjaye a cikinsa. Jirgin da ka ambata, wanda aka buɗe a 2010, yana kai gudun kilomita 240 a awa cikin kimanin sakan biyar, har sai an ba mahaya tabarau saboda iska da yashi. Abin tsoro ne a ido, amma an ɗaure mutum, ana duba na'urar, kuma galibin masu hawa lafiya suke sauka. Hukunci yana bin galibi. Inda yake komawa haramun shi ne ga wanda aka yi wa gargaɗi a allon bakin ƙofa: mai ciwon zuciya, mai hawan jini, mai ciwon baya ko wuya, da mace mai juna biyu. Irin wannan in ya ɓoye larurarsa ya hau, ayar ta same shi. Haka wanda layi ya ɗauke masa hankali har La'asar ta fita, ko ya ci bashi don ya je.

Tunawa da amini kuwa, wanda ya ce maka laifi ne bai karanta sira ba. Shekaru bayan rasuwar Nana Khadija, Annabi (SAW) yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta da naman. Ranar da 'yar'uwarta Hala ta yi sallama a ƙofa, ya ji irin sallamar Khadija, sai da abin ya motsa shi. A'isha ta ce ba ta yi kishi da wata mace ba kamar yadda ta yi da Khadija, alhali ba ta taɓa ganinta ba, saboda yawan ambatonta da yake yi. Don haka in ka bi ta wurin nan zuciyarka ta karye, hawaye ya zubo, babu komai a kanka. Annabi (SAW) ma ya yi hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim.

Matsalar tana cikin niyyar da ka haɗa da abin. Ka ce kana son ladan ya kai gare shi. Wane lada? Malamai sun haɗu a kan cewa addu'a da sadaka suna isa ga mamaci, sun yi saɓani a kan karatun Alƙur'ani, amma duk maganarsu a kan ayyukan ibada take. Hawan lilo mubahi ne, ba a rubuta maka lada a kansa ba balle ka yi kyauta da shi. In ka mai da shi hanyar neman kusanci ga Allah, ka ware masa rana duk shekara, to ka shigar da abin da ba ibada ba cikin ibada, kuma nan ne maganar mai ce maka bidi'a take da ƙarfi. Na san malamanmu sun daɗe suna ja-in-ja a kan sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, ba kuma zan buɗe wannan babin a nan ba. Su can aƙalla sadaka ce da addu'a ake taƙaddama a kan lokacinsu. Naka babu ko ɗaya daga ciki. Ƙari a kan haka, tsayar da ranar mutuwa yana sabunta makoki, alhali shari'a ta taƙaita shi ga kwana uku, in ban da matar mamaci mai takaba wata huɗu da kwana goma.

Tikiti na biyu shi ya fi damuna. Amininka yana barzahu, ba zai zo ya zauna a gefenka ba, kuma kada ka bar Shaiɗan ya raya maka haka. Kuɗi ne za ka zubar, ga marayu biyu a gida. Abdullahi ɗan Umar ya taɓa haɗuwa da wani Balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya sauka ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin kansa. Da aka ce masa ai ɗan kaɗan ma ya ishi irin waɗannan, sai ya ce mahaifin mutumin masoyin Umar ne. Muslim ya ruwaito. Haka magabata suke riƙe zumuncin wanda ya tafi: ta hannun rayayyun da ya bari.

Saboda haka, in kana son zuwa, je a duk ranar da ta sawwaƙa, ba sai ranar rasuwarsa ba, a matsayin shaƙatawa. In ka tuna shi ka ce Allah ya gafarta masa, a layi kake ko a mota, wannan addu'ar ce za ta same shi. In kuma Allah ya hore maka wata rana ka ɗauki 'ya'yansa, da izinin mahaifiyarsu da waliyyansu, ka kai su wurin wasa su yi dariya, ka ba su labarin yadda babansu yake ihu, to a nan lada ya samu, domin faranta wa maraya ibada ce. Ka riƙa gaida tsohuwarsa ko da ta waya ne. Sa'adu ɗan Ubada da ya tambayi sadakar da ta fi ga mahaifiyarsa da ta rasu, shayar da ruwa aka nuna masa, sai ya haƙa rijiya. Kuɗin tikitin shekaru kaɗan in ka tara za su yi wani abu a wannan fannin.

Kafin duk wannan, ka bincika ko ana bin sa bashi. Mutumin da ya yi zaman ƙasar waje yakan bar ƙananan lamuni a hannun abokan aiki waɗanda iyalinsa ba su sani ba, kai kuwa ka san mutanen. Annabi (SAW) ya taɓa ja da baya daga sallatar wata gawa saboda bashi, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. In ka sami wani abu, ka sanar da magada a fitar daga dukiyarsa kafin rabo, in babu kuma ka biya gwargwadon ikonka ko ka nema masa yafiya.

Wallahu a'alam.