Zuwa kallon muus a dajin Algonquin: me za a saya, me za a bari?

Tambaya: Salam Malam. Ni ɗalibi ne a Toronto, Baba da Mama sun zo mana hutu, ina so in kai su dajin Algonquin a watan Yuni su ga muus, wato ƙatuwar dabbar dajin nan mai kama da barewa, amma ba sa iya doguwar tafiya. In saya musu takalman hawan dutse ne? Na ga suna da tsada.

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya saka da alheri da wannan niyya. Riƙe kuɗinka, kar ka sayi takalman nan. Dajin babba ne kam, ya haura murabba'in kilomita 7,600, tun 1893 gwamnatin lardin Ontario na ƙasar Kanada ta keɓe shi, amma inda za ku je ɗan yanki ne kawai, titin Highway 60 da ya ratsa kudancinsa wajen kilomita 56, kuma yawancin hanyoyin ƙafa masu sauƙi a bakinsa suke. Ku fara da Spruce Bog Boardwalk, kilomita 1.5 ce a shimfiɗe, wasu sassanta katako aka jera a kan fadama, kambas ɗin da Baba yake yawo da shi ya isa. Silifas dai a'a. Lookout Trail kilomita 2 ce da ɗan ɗoriya amma akwai hawa sosai, in gwiwar Mama na damunta ku ƙyale ta. Mizzy Lake kuwa da za ka ji ana ta yabo wai can ne dabbobi suke, kusan kilomita 11 ce, yini guda, ba ta tsofaffi ba ce.

Abun da za ka kashe wa kuɗi shi ne maganin ƙwari. Daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuni akwai wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu cizo, bayan kunne da wuya suke nema, sai ka shafa ka ga jini, suna lafawa sauro ya karɓa. Nemi na shafawa mai sinadarin DEET ko icaridin, da ragar nan da ake rufe kai da ita kan hula, da riga mai dogon hannu mai haske.

Muus kuma ka taki sa'a, watan ne. Gishirin da ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara yana taruwa a kududdufan gefen hanya, su kuma sun fito daga hunturu da kwaɗayin gishiri, toh a Mayu da Yuni daga cikin mota ma ana ganinsu. In ka ga motoci sun yi layi a gefen titi, da wuya ba shi ba ne.

Tambaya: Malam kyamara zan saya ko madubin hangen nesa? Wayata tana ɗaukar hoto da kyau.

Hajiya madubin, mai lamba 8x42, ko na aro ne. Matsalar waya ita ce tana sa mutum ya yi ta matsawa don hoto ya fito, ita kuwa dabbar nan ta fi doki tsayi, namijin yakan kai kilo 500, kuma wadda ta fi haɗari ita ce uwa mai sabon ɗa, a daidai wannan lokacin suke haihuwa. In ta kwantar da kunnuwa gashin wuyanta ya miƙe, ki koma mota kawai.

Tambaya: Mu kwana ne ko mu je mu dawo rana ɗaya?

Ku kwana. Daga Toronto awa uku ne a mota ko fiye, in kun taso da safe tsakar rana za ku isa, lokacin zafi ya kori muus ɗin cikin daji. Da sanyin safiya da dab da magariba suke fitowa. Kama ɗaki a garin Huntsville da ke kusa da dajin, ku yi asuba ku kama hanya, a Yuni gari na wayewa da wuri sosai. Takardar shigar mota ana yanka ta a shafin intanet na Ontario Parks, hukumar da ke kula da dajin, tun kwana biyar kafin ranar, in ƙarshen mako ne kar ka bari sai kun je. Ku taho da abincinku daga gida don samun na halal a can ba tabbas, kuma in duhu ya yi a rage gudu, muus baƙi-baƙi ne, ba ka ganinsa sai ka zo daf.