Na yi targaɗe, tsere ya matso, ga zafin bazara: in yi allura in shiga?

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Sati shida da suka wuce na yi targaɗe a idon sawun dama wurin ƙwallo. Kumburin ya sauka, amma da na yi gudun minti 15 sai wurin ya fara zogi. Na riga na yanki fom na tseren kilomita 10 da matasa suka shirya a nan Birnin Kebbi ƙarshen Afrilu, ga zafin da ake yi. Abokaina sun ce in je kemis da safen ranar a yi mini allurar diklofenak, ba zan ji komai ba. Ba na son in janye a ce na ji tsoro.

AMSA: Ƙanena, ƙafar da ke zogi bayan minti 15 ba ta gama warkewa ba. Gwada ta a gida: tsaya a kanta ita kaɗai na daƙiƙa 30, ka yi ɗage sau 20, sannan ka yi tsalle da ita sau goma. In ka ji zafi, ko ka ji tana neman turguɗewa, ba ta shirya ba. In kuma da ka danna kan ƙashin idon sawun kansa yake ciwo, je a ɗauki hoto, don ƙaramin tsagewar ƙashi kan ɓuya a bayan sunan targaɗe.

Amma ba ƙafar ce ta fi tayar mini da hankali ba, maganar allurar nan ce. Na gaji da jin ta. Duk sati sai an zo mini da ɗan ƙwallo ko mai shirin gwajin shiga aikin ɗamara, ƙafa ta kumbura suntum, in tambaya me ya faru, ya ce ai ya yi allura kafin ya fita. Allurar ba ta ɗinke jijiyar da ta yage, bakin ƙafar kawai take toshewa. Zogin da kake ji shi ne ke sa ka rage taku idan ka hau gefen kwalta mai gargada. Ka kashe shi, sai ka taka da dukkan nauyinka ba ka sani ba, targaɗen sati shida ya koma jinyar wata uku.

Wannan ma da sauƙi. Babbar matsalar a ƙoda take. A watan Afrilu zafin Birnin Kebbi kan haura digiri 40. Kana gudu, gumi na zuba, jiki na karkatar da jini zuwa tsoka da fata, wanda ke isa ƙoda ya ragu. A irin wannan hali ƙoda na dogara da wasu sinadarai da ake kira furostagilandin don buɗe hanyoyin jininta, su kuwa diklofenak da ibufurofen aikinsu ke nan, hana jiki yin waɗannan sinadarai. Wato an kama ta da ƙishirwa, an kuma shaƙe ta. Mai kemis ɗin da zai karɓi kuɗinka ya tsira maka allura a bayan kanta, labule a sake, bai tambaye ka ko kana da olsa ko hawan jini ba, ba shi zai biya kuɗin wankin ƙoda ba. Wasunsu ma har da dekzametason, wani maganin kumburi mai ƙarfi, suke haɗawa, su ce “haɗin ’yan wasa” ne. Haɗin wa? Wane ɗan wasa?

Kada kuma wani ya ce to ka sha tiramol. Yana iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma tun Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta haramta shi a lokacin gasa.

Idan ƙafar ta ci gwajin nan uku, ka kuma iya gudun minti 30 ba zogi ba ɗingishi, washegari ba kumburi, kana iya shiga. Ɗaure ta da maɗaurin idon sawu ko bandeji, ka bi tsakiyar kwalta, ka manta da zancen zuwa na ɗaya. Sha ruwa tun daren jajibiri, ka kuma tambayi masu shiryawa ƙarfe nawa za a tashi da inda suka ajiye ruwa a hanya. Na san halinmu: a rubuta 6:30, a zauna jiran babban baƙo har ƙarfe tara, rana ta take. In haka ta faru, cire lambarka ka koma gida.

A hanya, duk wanda ka ga yana tangaɗi ko sambatu, a ja shi inuwa a yi ta kwarara masa ruwan sanyi ana fifita, sannan a nufi asibiti. Kai ma in ka dawo ka ga fitsarinka ya yi duhu kamar shayi ba madara, tafi asibiti, kada ka jira gari ya waye.