Asimov ko Le Guin, wa ya fi?

Ka tambayi wanda na fi so tsakanin Isaac Asimov da Ursula Le Guin a ƙagaggun labaran kimiyya. Ni dai Le Guin ce gwanata, ba don na raina Asimov ba.

Asimov ya yi tashe a shekarun 1940, kuma kaifin tunani ne jarinsa, kamar dokoki uku da ya zayyana a 1942 na yadda mutum-mutumi zai yi hulɗa da ɗan Adam. Sai dai mutanen cikin labaransa muhawara suka fi yi, da wuya ka ji abin da ke zuciyarsu.

Ita kuwa Le Guin ta taso lokacin da marubutan shekarun 1960 suka karkata daga injina zuwa halin ɗan Adam. A littafinta The Dispossessed na 1974 ta gina al'ummar da ba gwamnati, ba mai cewa wannan nawa ne, sannan ta nuna yadda tsoron bakin mutane yake ɗaure masanin kimiyya a can. Wannan ya daɗe yana tsaya mini a rai.

Salon labaran marubuci William Gibson, na masu kutsen kwamfuta da manyan kamfanoni, yana burge ni amma bai kama ni ba. In warware matsala da dabara kake so, fara da Asimov.